Roy Horn da Fararen Damisoshinsa: Tambayoyi da Amsoshi kan Rayuwarsa da Rasuwarsa

Ranar 8 ga Mayun 2020 Roy Horn, shahararren ɗan wasan rufa-ido da namun daji, ya rasu a wani asibiti a Las Vegas da ke Amurka, yana da shekara 75, bayan cutar korona ta kwantar da shi. Wata takwas kacal a tsakani, abokin sana'arsa Siegfried Fischbacher ya bi shi. Duk wanda ya taɓa cin karo da hoton wasu Turawa biyu sanye da kaya masu ƙyalli, farar damisa na kwance a tsakaninsu, to su ya gani. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kan Roy, da dabbobinsa, da yadda ake tunawa da shi.

Wane ne Roy Horn?

Bajamushe ne. An haife shi ranar 3 ga Oktoban 1944 a garin Nordenham da ke arewacin Jamus, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma sunansa na yanka Uwe Ludwig Horn. Mahaifinsa a yaƙin ya mutu. Ya taso a gidan da babu kwanciyar hankali, sai ya mayar da dabbobi abokan hirarsa: da farko wata karya mai jinin kyarkeci da ake kira Hexe, daga baya namun dajin gidan zu na birnin Bremen, inda wani na kusa da danginsu ya buɗe masa ƙofa. Yana ɗan shekara 13 ya bar makaranta. Yaron nan da bai yi nisa a boko ba shi ne ya zama rabin Siegfried da Roy, 'yan rufa-idon da suka shafe shekara 36 suna cika ɗakunan wasa a Las Vegas.

Shi da Siegfried 'yan'uwa ne?

A'a, ba su haɗa jini ba. Siegfried ɗan kudancin Jamus ne, haifaffen Rosenheim a jihar Bavariya a 1939. Sana'a ce ta haɗa su, suka rayu tare kusan shekara 60, suka karɓi takardar zama 'yan Amurka a 1988. Sirrin gidansu kuwa ba su cika baza shi a jarida ba.

To ina suka haɗu?

A cikin jirgin ruwan fasinja mai suna Bremen, a ƙarshen shekarun 1950. Dukansu ma'aikatan jirgin ne masu yi wa fasinjoji hidima, Siegfried kuma idan dare ya yi yakan nishaɗantar da baƙi da ɗan dabonsa, ya ɓatar da zomo, ya fito da tsuntsu. Kamar yadda su da kansu suka sha bayar da labarin, Roy bai ga abin burgewa a zomo ba. Sai ya tambaye shi ko zai iya ɓatar da rabbi, wato dangin damisar nan mai gudun tsiya. Ashe ya riga ya shigo da wani rabbi mai suna Chico cikin jirgin a ɓoye. Hukumar jirgin ba ta ji daɗi ba, amma fasinjoji sun yi ta tafi.

Tun daga wannan dare aikin ya rabu biyu, kuma bai sake sauyawa ba: Siegfried ne mai hannu da lissafin dabara, Roy ne mai dabbobi. Sun yi ta gararamba a gidajen rawa na Turai da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, har suka yi wasa a Monte Carlo a 1966 a gaban Gimbiya Grace ta Monako, sunansu ya fito. A 1967 suka sauka Las Vegas, a otal ɗin Tropicana, a matsayin ɗan gutsure cikin wasan wasu. Sai a 1981 suka samu cikakken wasa na kansu a otal ɗin Frontier.

Abin da suke yi sihiri ne na gaske, ko da aljanu suke aiki?

Rufa-ido ne, kuma ba su taɓa cewa wani abu ne daban ba. Sana'a ce ta injiniyoyi, kafintoci, masu haske da masu kiɗa. Akwatin da ka gani fayau yana iya zama da lungu a ƙasansa ko madubi a gefensa. Daɓen dandamali yana da ƙofofin ɓoye da na'urorin da ke ɗago abu ko su nutsar da shi cikin ƙiftawar ido. Sannan ga babbar dabarar, wato karkatar da hankalin mai kallo: lokacin da kiɗa ya ɗau zafi, haske ya dallare hannun dama, aikin yana gudana ne a hannun hagu.

Abin da ba rufa-ido ba shi ne dabbar. Madubi yana iya ɓoye damisa, amma ba ya rage mata haƙori ko ɗaya. Wanda ya buɗe kejin, ya kama sarƙar, ya taka da ita gaban jama'a, da ransa yake wasa kowane dare, kuma wannan shi ne rabon Roy a cikin aikin.

Me mai kallo yake gani a wasansu na Mirage?

Attajirin gidajen caca Steve Wynn ne ya gina musu ɗakin wasa na musamman mai kujeru kusan 1,500 a sabon otal ɗinsa na Mirage, suka fara wasa a Fabrairun 1990. An kashe kusan dala miliyan 30 wajen shirya shi. Ana saka mace a keji, a yafa mayafi, a yaye, sai ga damisa. Giwa ta ɓace a tsakiyar dandamali. Wani dodon ƙarfe yana amayar da wuta. 'Yan rawa da dama, fararen zakuna, fararen damisoshi, kuma babu wani shinge tsakanin dabbobin da layin gaba na 'yan kallo. Sun yi wasa sau 5,750 a wannan ɗaki, kusan kullum a cike, ko da kuɗin tikiti ya haura dala 100.

Kafin su, Las Vegas gari ne na caca da rawar dare. Suna cikin waɗanda suka nuna wa masu otal cewa magidanci zai iya zuwa da iyalinsa don kallo kawai, kuma manyan wasannin da suka cika garin daga baya a kan turbarsu suka bi.

Ta yaya Roy yake horar da namun daji har su saba da shi?

Ya ce shi da ƙauna yake horo, ba da bulala ba. Yakan kasance a wurin lokacin da uwa za ta haihu, domin muryarsa da ƙanshinsa su zama cikin abubuwan farko da jariran za su sani. Yakan ba su madara a kwalba, ya kwana da su a gado har su yi wayo, ya yi iyo da su a tafkin gidansu. Akwai hotuna da bidiyo masu yawa da suka nuna haka: ƙaton namijin damisa ya ɗora haɓarsa a kafaɗar mutumin, ido a lumshe.

Ni ban yi shakkar cewa yana son dabbobin nan ba. Mutum ba ya kwashe shekara 40 yana tashi tsakar dare don ɗan damisa mara lafiya saboda kuɗi kaɗai. Sai dai Bahaushe ya daɗe da yi wa dangin wannan dabba kirari da damisa ƙi sabo, kuma ba a banza ya yi ba.

Me ya faru daren 3 ga Oktoban 2003?

Ranar Roy ya cika shekara 59. Wasa ya yi nisa, ya fito shi kaɗai da wani namijin farar damisa mai suna Mantacore, ɗan shekara 7, mai nauyin kusan kilo 180, wanda Roy ya raina tun yana jariri. Wannan sashe ne mai sauƙi, na gabatar da dabbar ga jama'a. Sai Mantacore ya kauce daga inda ya saba tsayawa. Roy ya yi ƙoƙarin mayar da shi, dabbar ta cafki hannun rigarsa. Ya riƙa ɗan bugunsa da makirfon da ke hannunsa yana umartarsa ya saki. Ya saki, amma cikin wannan dambarwa Roy ya faɗi. Mantacore ya danne shi, ya kama shi a wuya, ya ja shi zuwa bayan labule.

Da yawa daga cikin 'yan kallo sun ɗauka duk cikin wasan ne, don sun saba ganin abin da ya fi wannan ban tsoro ya ƙare da tafi. A bayan labule kuwa ma'aikata na ta fama, sai da suka fesa masa tukunyar kashe gobara kafin ya sake shi. An garzaya da Roy asibitin University Medical Center jina-jina. Haƙoran sun yi masa mummunan rauni a wuya, ya zubar da jini mai yawa, ya samu bugun jini a ƙwaƙwalwa, har sai da likitoci suka cire wani sashe na ƙoƙon kansa don ƙwaƙwalwar da ta kumbura ta samu wuri. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Daga wannan dare ba a sake yin wasan ba, ma'aikata 267 suka rasa aikinsu.

Hari Mantacore ya kai masa, ko ƙoƙarin cetonsa ya yi kamar yadda ake cewa?

Nan ne labari ya rabu biyu. Roy da Siegfried sun tsaya a kan magana ɗaya har suka koma ga Mahaliccinsu: wai bugun jinin ne ya fara kama Roy a kan dandamali, Mantacore ya ga ubangidansa ya faɗi, sai ya ɗauke shi a wuya yadda uwar damisa ke ɗaukar ɗanta, don ya kai shi inda babu haɗari. Hujjarsu ita ce da kisa ya yi niyya, da cizo ɗaya da girgiza ɗaya sun gama zance.

Ma'aikatar Noma ta Amurka, wadda ke sa ido kan masu baje kolin dabbobi, ta yi bincike, ta fitar da rahoto a 2005 ba tare da ta iya tsayar da dalili ɗaya ba. Bidiyon daren kuma har yau ba a sake shi ga jama'a ba.

A 2019 ɗaya daga cikin masu kula da dabbobin, Chris Lawrence, wanda yake gefen dandamali a daren, ya ba mujallar The Hollywood Reporter wani bayani daban. Ya ce a 'yan shekarun ƙarshe Roy ya rage zama da dabbobin kafin a fara wasa, shaƙuwar ta yi sanyi. Ya ce da Mantacore ya kauce, maimakon Roy ya zagaya da shi ya dawo da shi gurbinsa kamar yadda aka saba, sai ya tura shi da hannu, dabbar ta rikice. A cewarsa hari ne tsantsa, aka lulluɓe shi da labarin ceto don kare sunan wasan. Siegfried da Roy sun musanta.

Abin da nake gani shi ne, labarin ceton ya fi gaya mana halin Roy fiye da halin damisa. Mutum ne da ya gina rayuwarsa kacokan a kan imanin cewa dabbobin nan suna sonsa yadda yake sonsu. Amincewa da cewa wanda ya shayar da hannunsa ya nemi ransa ya fi ciwon wuyan zafi. Ana iya tausaya masa a kan wannan ba tare da an karɓi labarin a matsayin hujja ba. Masana halayyar manyan namun daji da dama sun ce kamun wuya shi ne yadda damisa ke kayar da abin farauta.

An kashe Mantacore?

Ba a kashe shi ba, kuma Roy ne ya hana. An ruwaito cewa tun a hanyar asibiti yake roƙon kada a taɓa shi. Mantacore ya ci gaba da zama a hannunsu har ya mutu a Maris ɗin 2014 yana da shekara 17, bayan gajeriyar rashin lafiya.

Yaya rayuwar Roy ta kasance bayan raunin?

Ya yi fiye da shekara 16 a duniya bayan daren da aka ɗauka ba zai kai safiya ba. Sai da ya sake koyon magana da tafiya, taku ɗaya bayan ɗaya, Siegfried na riƙe da shi. Mutumin da ya saba tsalle a kan keji ya koma tafiya da sanda da keken marasa lafiya, amma bai ɓuya a ɗaki ba. Yakan fito bainar jama'a, ya ziyarci dabbobinsa a lambun da ke Mirage, ya gaisa da masu yawon buɗe ido. A Fabrairun 2009 suka hau dandamali karo na ƙarshe, ɗan gajeren wasa don tara wa cibiyar kula da cututtukan ƙwaƙwalwa ta Lou Ruvo kuɗi, kuma da damisa suka fito. A 2010 suka sanar da cewa sun yi ritaya.

A wurina waɗannan shekaru sun fi na Mirage nuna ko wane ne shi, haka ma Siegfried, wanda shahararsa ta tsaya cak a dare ɗaya amma bai bar abokinsa ba.

Farar damisa wani jinsi ne na daban da ke gab da ƙarewa?

A'a, kuma wannan ne wurin da ya fi nauyi a tarihinsu. Sun riƙa gabatar da kiwon fararen damisoshi a matsayin ceto wani jinsi mai daraja daga ɓacewa. Gaskiyar ita ce farar damisa damisar Bengal ce ta yau da kullum, wadda ta gaji wata ƙwayar halitta mai dusashe launi daga uwa da uba duka biyu. A 2013 masu bincike a Sin suka gano ainihin ƙwayar.

Mafi yawan fararen damisoshin da ke tsare a duniya suna komawa ne ga namiji ɗaya, Mohan, wanda Sarkin Rewa na Indiya, Martand Singh, ya kama yana ɗan ƙarami a 1951. Da aka haɗa shi da damisa mai launin da aka saba, ba a samu fari ko ɗaya ba. Sai da aka haɗa shi da 'yarsa ta cikinsa sannan aka haifi fararen 'ya'ya a 1958. Haka aka ci gaba, uba da 'ya, wa da ƙanwa, don launin kada ya ɓace. Sakamakon wannan barbara ta jini ɗaya sananne ne: harara-garke, tsagewar ganɗa, karkacewar ƙashin baya, ciwon ƙoda, da jarirai masu mutuwa da wuri. Shi ya sa a 2011 ƙungiyar gidajen zu ta Amurka ta hana mambobinta kiwon fararen damisoshi da fararen zakuna don launinsu.

Ba a sakin irin waɗannan dabbobi a daji, don haka yawansu a keji bai ƙara ko ɗaya a dazukan Indiya ba. Abin da ya ɗaga adadin damisoshin ƙasar zuwa 3,682 a ƙidayar 2022 shi ne kare dazuka da yaƙi da mafarauta. Ana iya cewa Roy ya sa miliyoyin mutane sun so damisa, wannan gaskiya ne. Amma kuma ya sa launin fari ya zama haja mai tsada, wasu da ba su da kuɗinsa ko kulawarsa suka shiga kiwo.

Yaya aka yi makokinsa?

Cikin yanayi mai ban tausayi. A ƙarshen Afrilun 2020 aka sanar ya kamu da korona, kwanaki kaɗan bayan haka ya cika. A lokacin an rufe duk gidajen caca da ɗakunan wasa na Las Vegas tun tsakiyar Maris, ba a buɗe ba sai 4 ga Yuni. Mutumin da ya saba ganin ɗaki cike kowane dare ya tafi a lokacin da ba a yarda mutane su taru ba, aka yi jana'izarsa tsakanin makusanta kawai. Ta'aziyya ta koma intanet, inda 'yan rufa-ido na ƙasashe daban-daban da tsoffin ma'aikatansu suka yi ta ba da labarinsa.

A saƙon da Siegfried ya fitar ya ce duniya ta yi rashin ɗaya daga cikin manyan masu wannan sana'a, shi kuwa amininsa ya rasa, kuma babu Siegfried in babu Roy. Ya kuma gode wa likitoci da ma'aikatan jinyar da suka yi ɗawainiya da shi. Ranar 13 ga Janairun 2021 cutar daji ta ɗauke Siegfried a gidansa na Las Vegas, yana da shekara 81.

Ya dace a yi jimamin mutumin da ya ci abinci da tsare namun daji?

Ya dace, muddin jimamin bai zama dalilin rufe ido ba. Mu ma mun san wannan sana'a. Wanda ya taɓa tsayawa a da'irar gardawa ranar kasuwa ya ga kura da takunkumi a baki da sarƙa a wuya, ƙararrawa na kaɗawa a ƙugun gardi, ana kiɗa ana sayar da magani, yara na leƙe ta tsakanin ƙafafun manya. Mun yi sha'awar jarumtar gardin, kuma mu ne dai muka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dabbobin Roy sun ci nama mai kyau, suna da likitoci da tafkin wanka, ba a kwatanta jin daɗinsu da na kurar kasuwa. Duk da haka babu wadda aka tambaya ko tana son fitowa gaban fitilu da ganguna, wani lokaci har sau biyu a dare, alhali a daji namiji ɗaya yana mallakar fili mai faɗin murabba'in kilomita da dama shi kaɗai.

Roy ɗan zamaninsa ne. Lokacin da ya fara, kusan babu wanda ke ganin aibin saka damisa a wasa. Ya yi aikin da ƙwazo da ƙauna fiye da mafi yawan takwarorinsa, ya kuma biya da jikinsa. Wanda ya yi kukan rashinsa bai yi laifi ba. Wanda ya ce kada a sake yin irin wasan shi ma bai ci mutuncin mamaci ba. Ni ina cikin duka biyun.

Har yanzu ana irin wannan wasa?

Yana ja da baya sosai. Bolibiya ta hana amfani da dabbobi a wasannin tanti, wato na masu yawo gari-gari suna nishaɗantar da jama'a, tun 2009. Babban kamfanin irin wannan wasa na Amurka, Ringling, ya sallami giwayensa a 2016, ya rufe a 2017, da ya dawo a 2023 kuma babu dabba ko ɗaya. Ingila ta hana yawo da namun daji don wasa daga Janairun 2020, Faransa ta yi dokar kawo ƙarshensa sannu a hankali a 2021. A Disamban 2022 shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya sa hannu kan dokar da ta hana mutane ajiye zakuna da damisoshi a gida a matsayin abin kiwo, ta kuma hana barin jama'a su riƙa taɓa 'ya'yansu don ɗaukar hoto. A Jamus, ƙasar haihuwar Roy, gidan wasan Roncalli ya maye gurbin dabbobi da hotunan haske.

Ina dabbobinsu suke yanzu, kuma me ya rage na tunawa da su a Las Vegas?

Lambun dabbobinsu na Mirage ya rufe a 2022, shekarar da kamfanin Hard Rock ya karɓi otal ɗin. A 2023 aka kwashe zakuna da damisoshin da suka rage zuwa wurare biyu masu kula da namun dajin da aka daina wasa da su, WildCat Ridge a jihar Oregon da In-Sync Exotics a jihar Texas, inda ba a sa su wasa. Mirage kansa ya rufe ranar 17 ga Yulin 2024 don a sake gina shi da sabon suna. Mutum-mutumin tagulla na su biyun tare da damisa, wanda ya daɗe a bakin titi gaban otal ɗin, an ba da shi ga gidan tarihi na Neon Museum da ke garin. Suna kuma da tauraro a titin shahararru na Hollywood, wanda aka sanya musu a 1999.